Yadda ɗalibi zai koyi ɗaukar hoton rawa a Sakkwato, karatunsa bai taɓu ba

Duk ɗalibin da ya zo mini da maganar yana son koyon ɗaukar hoton rawa, tambayarsa ta farko ba ta wuce wace kyamara zai saya. Ni kuwa nakan ce ya fara nuna mini jadawalin laccocinsa tukuna. Kyamara ana aronta, ana ma iya farawa da waya, amma lokaci babu mai ara maka shi, kuma rawar gargajiya a garin nan ba kullum ake yin ta ba, balle ka ce in ta wuce ka yau gobe ka tarar da wata. Ni na fara ne ina aji biyu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, lokacin yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 da ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Zaman gida ya ishe ni, ga tsohuwar Nikon D3200 ta yayana ajiye cikin akwati. Koyo a hutu ba wuya. Wuyar tana zuwa ranar da aka koma aji, aka liƙa jadawalin gwaji, sannan wani ya kira ka ya ce gobe akwai wasan 'yan tauri.

Abin da ya fisshe ni shi ne rage yawan wuraren da nake zuwa, da sanin rawar tun kafin in ɗaga kyamara a kanta. Wanda ya san rawa yakan gama aikinsa cikin rabin sa'a ya koma ɗaki da hoto goma masu kyau. Wanda bai san ta ba zai wuni a rana, ya dawo da hoto ɗari takwas, ya kwana yana tonon su, da safe ya shiga aji yana gyangyaɗi.

Fara da cikin makaranta. Ƙungiyoyin ɗalibai na jihohi da na ƙabilu suna yin ranar al'adunsu, 'yan sashen Hausa suna yin Makon Hausa, kuma a irin waɗannan ranaku za ka ga abin da sai ka yi doguwar tafiya kafin ka gan shi a wajen makaranta: swange ta Tibi da tufafinsu mai ratsin baƙi da fari, atilogwu ta Ibo mai tsalle da alkafura, bata ta Yarbawa, ga namu na gida. Ba kuɗin mota, masu rawar kuma abokan karatunka ne. Mafi amfani a nan shi ne suna yin gwaji da yamma kwanaki kafin ranar. Je wurin gwajin. A can za su maimaita juyi ɗaya sau biyar, kana iya cewa don Allah a sake, babu taron da zai tare maka gaba, babu mai hararar ka. Ranar wasan za ka zo ka riga ka san inda tsalle zai faɗo da gefen da za su fuskanta.

Sai ka yi ƙwari sannan ka fita gari: naɗin sarauta, wasan mahauta, 'yan tauri, takkai, kokawar bayan kaka a ƙauyukan kewaye inda 'yan kokawa ke shigowa fili da rawa da kirari, da tarukan Ranar Hausa ta Duniya a 26 ga Agusta. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ba kamun kifi kaɗai ba ne, akwai kiɗa da rawa da dambe da kokawa. In shekarar da aka yi shi ta dace da hutu, tafiya ce da ta cancanci a tara mata kuɗi. In ta faɗo tsakiyar zango, haƙura.

Ko'ina ka je, kada ka fiddo kyamara daga jaka sai ka gaida masu wurin. Nemi sarkin kiɗa ko shugaban 'yan wasa, ka durƙusa ka gaishe shi yadda ake gaida manya, ka faɗi sunanka da unguwarku da makarantarka, ka ce kana son ɗaukar hoto kuma za ka kawo musu nasu. In an fara liƙi, kai ma ka ɗan liƙa wa makaɗa gwargwadon aljihun ɗalibi. Wannan gaisuwar ita ke ba ka wurin tsugunawa a gaba, ita ce kuma ke sa sanƙira ya ce wa yara su matsa maka.

Wani dattijon makaɗin kalangu ne ya ba ni darasin da ya fi kowane amfani. Ya ga ina ta bin ƙafafun masu rawa da kyamara, da aka tsaya shan ruwa ya yafito ni.

“Ɗana, mi kaka nema ga ƙasa?”

Na ce, “Baba, ƙafarsu nake jira ta tashi.”

Ya yi dariya ya ce, “Ƙahwa ba ta tashi sai na ce ta tashi. Ni za ka saurara.”

Haka abin yake. Karin maganar nan ta in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, a wurin mai ɗaukar hoto umarnin aiki ce. Kalangu ana matse igiyoyinsa a hammata ne muryarsa ta hau, a saki ta sauka, don haka kafin mai rawa ya juya, gwiwar hannun makaɗi ta riga ta motsa. Minti goma na farko kada ka ɗauki komai. Tsaya ka ƙirga bugun a zuci, ka ga a bugu na nawa 'yan takkai ke juyawa su haɗa sanduna, ka ga sau nawa ake zagayawa kafin a sake. Da ka kama lissafin, sai ka riƙa danna maɓalli da kunne, ɗan ƙiris kafin bugun ya sauka, domin tsakanin yatsanka da buɗewar shota, wato marfin da ke buɗewa haske ya shiga kyamara, akwai jinkiri, a waya ma ya fi yawa. In ka bari sai idonka ya ga sanduna sun haɗu, abin da zai fito a hoton shi ne rabuwarsu.

Sannan akwai take. Kowane shahararren ɗan tauri ko ɗan kokawa yana da kiɗan da in an yi shi ake nufi. Tambayi na kusa da kai taken wane ne wannan, ka juya kyamara wurin mai shi tun yana zaune cikin jama'a. Daƙiƙun nan da yake fara tsuma, kafaɗa na rawa, abokai na riƙe shi, kafin ya yi kururuwa ya faɗo fili, sau da yawa sun fi rawar kanta kyau a hoto. Kowa na kallon tsakiyar fili a lokacin, kai kaɗai kake kallon gefe.

Saitin kyamara ba shi da yawa kamar yadda ake tsoratar da mutane. Abu uku ne ke aiki tare: saurin shota, faɗin ƙofar haske ta lens, wato gilashin gaban kyamara, da ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara. A rawa, shota ce gaba. Don tsayar da motsi cak, kada ka sauka ƙasa da 1/500 na daƙiƙa. Tsalle, ko garmar da manoma ke wurgawa sama su cafe, suna son 1/1000. Da rana wannan ba matsala, sa kyamara a S in Nikon ce, ko Tv in Canon ce, ka zaɓi saurin, ita ta daidaita sauran. Fokas kuma ka mai da shi mai bin motsi, wato AF-C a Nikon, AI Servo a Canon, ka ɗora ɗigon a fuska ko ƙirjin mutum ɗaya ka bi shi. Ɗauka a jere tana da amfani, amma uku ko huɗu a lokacin da ka san abu zai faru, ba ka danne maɓalli kamar mai harbi ba. Kowane hoto da ka ɗauka bashi ne da za ka biya da lokacin karatunka.

Ba kowane hoton rawa ke son tsayawa cak ba. Sauko da shota zuwa 1/30 ko 1/15, ka manne gwiwoyin hannunka a ciki, ka riƙe numfashi. Fuskar makaɗi za ta fito sarai, hannunsa da gula su zama zane-zane. Goma za su lalace kafin ɗaya ya yi, shi ya sa wurin gwaji ne muhallin koyon wannan.

In waya ce a hannunka, duba ko kyamararta tana da sashen Pro. Da yawa daga cikin wayoyin Tecno da Infinix da Samsung suna da shi, kuma a ciki za ka iya sa saurin shota da ISO da hannunka. Kada ka jawo hoto da yatsu biyu, lalata shi yake yi, matsa kusa da ƙafarka. Ranar da ka samu halin sayen kyamara ta hannu, irin su Nikon D3200 ko Canon 600D sun ishe ka shekaru. Kuɗin da ya rage ka sa a lens mai buɗewa zuwa f/1.8, wato wanda ƙofar haskensa ke buɗewa da faɗi. Mutane sun fi yabon mai 50mm, amma a kan waɗannan ƙananan kyamarori yana matse fili ƙwarai, a tsakar gida ko cikin da'irar 'yan kallo sai ka rasa inda za ka ja da baya. Ni 35mm na fi so, ya fi ɗaukar fili.

Hasken Sakkwato sai an yi masa dabara. Rana tsaka, musamman a bazara da zafi ke haura digiri 40, tana saukowa ne daga bisa kai: idanu su zama ramuka baƙaƙe, hula ta rufe rabin fuska, farar babbar riga ta ƙone ta zama fari fat babu aska babu zare. In dole ne a lokacin, rage haske da kusan mataki ɗaya don ka tsirar da aikin rigar, ka ɗauka a RAW, wato fayil ɗin hoton da kyamara ba ta matse ba, daga baya ka ɗago fuskar. Farin da ya ƙone ba ya dawowa, duhu kuwa ana iya ceto shi. Sa'ar da aka yi, yawancin wasanninmu bayan la'asar ake fara su, kuma daga la'asar sakaliya zuwa gab da magariba babu hasken da ya kai shi.

A wannan lokacin ka gwada abin da masu hoton biki ke gudu: tsuguna ka fuskanci yamma, masu rawa suna tsakaninka da rana. Ƙurar da ƙafafunsu ke tayarwa sai ta kama haske ta yi ja, gefen rawani da bakin riga su yi zobe mai ƙyalli, kujerun roba da baburan da ke baya su nutse cikin ƙurar. Akwai wata yamma da wani dattijo ya shiga fili da shuɗiyar babbar riga, ya buɗe hannuwa ya yi juyi ɗaya a hankali. Rigar ba ta buɗe a farkon juyin ba, sai a ƙarshensa, lokacin da jikin ya tsaya ita ba ta tsaya ba, hannun rigar ya miƙe har rana ta ratso ta cikin saƙar. Nan ake dannawa. Babbar riga, zane, gyale, bante mai tuntaye, duk haka suke, suna makara da ɗan kaɗan bayan jiki.

Tsugunawar tana da wani amfanin: tsalle yana ƙara tsawo, kuma bayan mutum ya zama sama maimakon rumfa da wayoyin da 'yan kallo suka ɗaga. Kada ka yanke ƙafa. Hoton rawa babu tafin ƙafa da ƙasar da aka taka, hoton tsayuwa ne. Ka kuma bar fili a gefen da mai rawa ya nufa.

Ƙurar da ke gyara hoto ita ke kashe kyamara. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, kada ka kuskura ka cire lens a fili, ɗaura wanda za ka yi aiki da shi tun daga ɗaki. Sa kyamara cikin leda mai zif kafin ka hau kabu-kabu. Kada ka goge gilashi da bakin riga, ƙurar nan yashi ce, karce shi za ta yi. Hura ta da ɗan famfon roba tukuna, sannan ƙyalle mai laushi. A bazara kuma ka yafa mata farin ƙyalle in kana jira a rana, kada ka bar ta cikin but ɗin babur. Batir biyu, duka a cike tun daren jiya, don wuta ba ta da alkawari.

Wasan dare shi ne mai wahala. Buɗe lens zuwa f/1.8 ko f/2, ka ɗaga ISO zuwa 1600 ko 3200, kada yashi-yashin da zai fito ya dame ka, ya fi hoto mai dishi-dishi. Wani abin da ke rikita sabon shiga shi ne ratsi-ratsi ko canjin launi daga hoto zuwa hoto a ƙarƙashin wasu fitilu. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, fitilun suna ƙiftawa tare da ita ko da ido bai gani ba. Sa shota a 1/100 ko 1/50 yakan magance shi, sai dai a wannan saurin dole ka jira inda mai rawa ke ɗan tsayawa, ƙarshen juyi ko ƙololuwar tsalle. Fitilar kyamara tana tsayar da motsi, amma nemi izini kafin ka kunna ta, kuma kada ka haska ta a idon mutumin da ke riƙe da wuƙa ko wanda ke bisa doki.

Yanzu karatu. Za a ce maka taura biyu ba ta taunuwa, kuma masu faɗin haka suna da hujja, sun ga waɗanda kyamara ta cinye. Abin da ke cinye ɗalibi ba zuwa wurin wasa ba ne, wannan sa'a biyu ce ko uku. Zaɓe da gyaran hotuna ne, da saƙonnin “turo mini nawa” da ke shigowa har tsakar dare. Don haka ranar da aka fitar da kalandar zango, zauna da biro ka ware makonnin gwaji da mako uku kafin jarrabawa, a cikinsu kyamara ba ta fita. Ni nakan kai ta gida Mabera in damƙa wa Inna, don na san kafin in karɓo ta sai na amsa tambayoyi. A sauran makonnin, wasa ɗaya cikin mako biyu ya isa. In ka dawo daga wasa kada ka buɗe hotunan a daren, kwafe su kawai ka rufe. Gyara sai bayan ka gama karatun ranar, kuma da agogo: zagaye na farko ka share marasa fokas, na biyu ka zaɓi ashirin, su kaɗai za ka taɓa a Snapseed ko Lightroom. Tun a filin ka gaya wa mutane ranar da za su samu hotunansu, ka ba mutum ɗaya ya raba musu.

Yi wannan lissafin da kanka ka gani. A ma'aunin maki biyar, in kana da yunit 18 a zango kuma ka ci B a duka, sakamakonka 4.00 ne. Kwas ɗaya mai yunit uku ya faɗi, ya zama 60 a raba da 18, wato 3.33, ka sauko ƙasa da 3.50 da ake nema don digiri mai daraja ta biyu babba, ga kwas ɗin yana jiran ka baɗi. Jami'o'i da yawa kuma suna sharɗanta halartar kashi 75 cikin ɗari na lacca kafin a bar ka ka zauna jarrabawa. Laccar safiyar Litinin da aka yi barci aka rasa saboda gyaran hoton daren Lahadi, a nan take fitowa.

Haɗarin ya fi girma ranar da hotonka ya fara kyau, don masu biki za su fara kira. Kuɗi ne mai daɗi a hannun ɗalibi, ban hana ka ba, amma bikinmu ba wuni ɗaya ba ne, yakan ɗauko daga Alhamis har Lahadi, kuma mai biki ya biya, ba ya jin uzurin gwaji. Karɓi irin wannan aikin a hutu. A cikin zango, in ka matsu, karɓi zama ɗaya mai farko da ƙarshe, ka faɗi ranar bayarwa da ta dace da jadawalinka.

Gida ma sai an lallaba. Wannan garin Shehu ne, in ka ce wa mahaifi kana zuwa wurin rawa, ba takkai zai fara hasasowa ba. Kada ka ɓoye, ɓoyon ne ke mai da abin laifi. Kai masa sakamakon zangonka da farko, sannan ka nuna masa hoton manoma ko na naɗin sarauta a takarda. Nawa mahaifin ya daɗe yana duban hoton wasu 'yan kokawa, sannan ya fara ba ni labarin na zamaninsu, sharaɗinsa ɗaya ne, magariba ta same ni a masallaci. Kafin ka tafi kowane ƙauye kuma ka tambayi halin hanya a wurin mutanen can, musamman gabashin jiha, ka tafi da ɗan gari, ka dawo da rana.

Wasan mata na cikin gida, kiɗan ƙwarya da amada da rawar kamu, namiji ba ya shiga, kada ma ka nema. 'Yan'uwa mata ɗalibai, wannan fili naku ne, kuma masu iya ɗaukarsa da kyau ba su da yawa. Sai dai amana ce: hoton na masu shi ne, ba ya hawa Facebook ko Instagram ko TikTok sai da yardar wadda ke ciki, in ta ce a goge a goge a gabanta. Ko a fili, in budurwa ko matar aure ta fito sosai a hotonka, tambaye ta kafin ka wallafa. Yara kuma a tambayi iyayensu.

Riƙe ƙaramin littafi a jakar kyamara. Kowane wasa ka rubuta sunan rawar kamar yadda masu ita ke kiran ta, garin, ranar, dalilin taron, kayan kiɗan da aka yi amfani da su, da abin da dattawa suka ce game da asalinta. Minti biyar ne, amma shi ke mai da tarin hotuna abin da za a iya aiki da shi. Ɗalibin Hausa, ko tarihi, ko nazarin zamantakewa, ko aikin jarida, yana iya gina kundin kammala karatunsa a kan wannan, ya haɗa da abin da zai samu a Cibiyar Nazarin Hausa ta jami'a da gidan tarihi na Waziri Junaidu. In fanninka bai shafi al'ada ba, abokanka na waɗancan sassan za su neme ka, kai ma ka nemi su yi maka bayanin abin da ka ɗauka.

Ajiye kowane hoto a wuri biyu, kwamfuta ko filasha, da kuma intanet. Google na ba da 15GB kyauta, ya ishi zaɓaɓɓun hotunanka na dogon lokaci in ba ka zuba tarkace ba. In za ka tura ta WhatsApp, tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi ya rage masa kyau. Makaɗa da dattawan 'yan wasa kuwa da yawansu ba su da babbar waya, nasu sai ka wanke a takarda ka kai musu da hannunka, ka rubuta ranar da sunan garin a baya. Ware kuɗin wankin tun kafin ka je wasan, ka kai cikin mako biyu, kafin a shiga makonnin gwaji.